Kifin Katakon Sadisu

Sadisu mijin ƙanwata Zulai ne, don haka ko ina so ba ni da halin cewa ban san shi ba. Mutumin Soba ne, ɗan manoma, wanda har ya yi gemu bai taɓa shiga ruwan da ya wuce masa gwiwa ba. Amma yau in ka je Orozo ka ce a nuna maka gidan Sarkin Ruwa, ƙofarsa za a kai ka, mai rakiyar yana danne dariya. Shi a wajensa sarauta ce aka ba shi, har ɗaga hannu yake yi in an kira shi da ita.

Ya zo Abuja tun garin yana jar ƙasa da katafila, lokacin da in ka ce wa mutum nan za a dawo da gwamnati sai ya dube ka, ya dubi dajin, ya yi shiru don kada ya ƙaryata ka. Tuƙi ya iya, wannan kam ba na hana shi. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi direba, aka ba shi ɗaki ɗaya na kwano a sansanin ma'aikata, ya je gida ya ɗauko Zulai ya ajiye a ciki. Ni ma ba a jima ba na biyo maigidana, na kafa rumfar tuwo kusa da sakateriya a Garki. Ɗakin nan nasu da rana ko kaza ba za ta yarda ta kwanta a ciki ba don zafi, amma ban taɓa jin Zulai ta yi ƙorafi ba. Akwai famfo a bakin layi, akwai wuta, makaranta tana kusa. Iyakar burinta ke nan, a bar ta cikin gari ta reni 'ya'yanta.

Tsautsayin ya soma ne ranar da aka haɗa Sadisu da wani injiniya Bature da ma'aikata ke kira Mai Lofe, saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Wannan bawan Allah ba shi da mata a nan, ba ya zuwa coci, duk Lahadi sai bakin ruwa. Sadisu ne mai tuƙa shi, shi ne mai ɗaukar kujera da fulas ɗin shayi da wani akwatin ƙarfe. A cikin akwatin akwai wasu guntayen katako da aka sassaƙa kamar ƙananan kifi, aka yi musu fenti ja da fari, aka rataya musu ƙugiyoyi a ciki da wutsiya. Ba tana, ba hanjin kaza, ba wani abu da kifi mai hankali zai ci. Ana ɗaura ɗaya a zaren wata doguwar sanda mai injin naɗi, a wurga, ya tsaya a saman ruwa bai nutse ba, a riƙa fizgarsa yana ɓul-ɓul. Wai babban kifi zai ɗauka ƙaramin ɗan uwansa ne ke shure-shuren mutuwa, ya taso ya cafke.

Da Sadisu ya fara kawo mana labarin a rumfa, muna ta salati, sai ya ƙara da cewa in Baturen ya kama kifi dubansa kawai yake yi, ya cire ƙugiya, ya mayar da shi ruwa, sannan ya miƙa wa Sadisu hannu su gaisa. Muka yi dariya har wani masinja ya ƙware. Na ce to ai dole, mutumin da firjinsa ke maƙare da nama da gwangwanaye, me zai yi da ƙayar kifi? Sadisu bai yi dariya ba. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka loma ce a bakinsa.

Da aikin Mai Lofe ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya yi abin da Turawan lokacin ke yi, ya ce direbansa ya zaɓi abu ɗaya cikin kayan gidan. Direban wani ya ɗauki janareto. Kukun wani ya kwashi katifu. A gidan Mai Lofe akwai firji mai ƙofa biyu, kuma Zulai ta riga ta gama lissafin ƙanƙara da zoɓon da za ta riƙa sayarwa a sansani. Sadisu ya shiga, ya zagaya, ya fito rungume da sanda da akwatin ƙarfe. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Zulai kuwa ta dubi kayan ta ce Allah ya sa albarka, ta koma kan wankinta.

Daga ranar Sadisu ya zama malami. Duk wanda ya zauna a bencin rumfata da kwanon tuwo a hannu ya zama ɗalibi, yana so ko ba ya so. Zai ciro kifin katako ɗaya daga aljihu, a naɗe cikin hankici, ya ɗora a kan teburina kusa da miya, ya fara karatu.

"Da sassafe ake zuwa, ko dab da magariba, lokacin da ruwa ya kwanta. In iska na kaɗawa, ka koma gida. In ka wurga, kada ka taɓa shi. Ka bari da'irar da ya yi a ruwa ta baje tukuna. Sannan ka fizga kaɗan, ka tsaya. Ka fizga, ka tsaya. A tsayawar nan yake zuwa. Kuma in ka ga ruwa ya fashe, kada ka ja. Nan sabon shiga ke faɗuwa. Ka jira sai ka ji nauyinsa a hannunka."

"To a ina ake wurgawa, Malam Sadisu?" in ji masu son jan magana.

"Gefen ciyawa. Ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa. Babban kifi ba ya zama a fili, kamar babban mutum yake."

Sai ya naɗe abinsa ya mayar aljihu, yana duban mutane ɗai-ɗai kamar ya raba musu gado. Masu kamun kifi da koma da fatsa, waɗanda su ne ke kawo mini tarwaɗar da nake miya da ita, ba ya ko amsa gaisuwarsu da kyau. Wai su ba su san kifi ba, cikinsu kawai suka sani.

Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, duk Lahadi Sadisu na dam ɗin Jabi da sandarsa, kuma ko ƙaramar karfasa bai taɓa shigowa da ita gida ba. In an tambaya sai ya ce ruwa ne bai kwanta ba, ko masu koma sun firgita kifin, ko wata ya yi haske da yawa jiya. Wata Lahadi Zulai ta bi shi da yara don su sha iska, ta dawo ta faɗa mini abin da ta gani. Duk ciyawar da yake mana wa'azi a kanta tana nan gefen hagunsa, itacen ma yana nan, amma Sadisu tsakiyar fili yake wurgawa, inda ba ko tsinke. Ta tambaye shi, ya ce in ƙugiya ta maƙale a ciyawa zare ya tsinke, a ina zai samu wani a ƙasar nan? Wato mutumin nan ya san inda kifi yake sarai, tsoron asarar katako ne ya hana shi zuwa wurin. Wanka kawai yake kai kifayen katakon duk mako, ya goge, ya mayar akwati.

Ana cikin haka gwamnati ta taso daga Legas dungurungum. Ƙarshen shekarar casa'in da ɗaya ne, kuma wanda bai ga Garki a watannin da suka biyo baya ba, bai ga hayaniya ba. Tireloli cike da kabad da fayil, manyan ma'aikata da ƙananansu, kowa fuska a murtuke kamar an kawo shi zaman gidan yari. Babu teku, babu kulob, babu inda za a je da yamma, haka suke ta mita a rumfata suna cinye mini tuwo. Ni dai ciniki ya buɗe. Su Zulai kuwa abin ya zo musu a baibai, domin kamfanin su Sadisu ya gama aikinsa, aka ce za a kwashe sansanin a yi gidaje a wurin, kowa ya nemi inda zai nufa kafin damina ta wuce.

Zulai na da yara biyu a makaranta da cikin na uku. Haya a cikin gari ta fi ƙarfin direban da ba shi da aiki. Abin da ya rage shi ne wani ɗakin ƙasa a Orozo, can wajen Karshi, da wani ɗan uwan maigidana ya ce su shiga. Ba wuta, ba famfo, hanyar kuwa in ruwa ya sauka sai dai a tuɓe takalmi. Zulai ta je ta gani ta dawo, ta zauna a bayan rumfata tana tsinke ganyen alayyafo, hawaye na ɗiga a cikin tire. Na ji tausayinta har cikin raina, na kuma ji haushin mijinta, wanda a daidai lokacin yana gaba yana koya wa wani mai gadi yadda ake fizga a tsaya.

Ikon Allah, a wannan surutun nasa ne ƙofa ta buɗe. Akwai wani mataimakin darakta, Oga Nicholas, mutumin Binuwai da ya yi karatu a Zariya sannan ya daɗe a Legas. Yakan bar ofis ya zo da kansa ya ci tuwon shinkafa, wai yana tuna masa da zamanin makaranta. Hausarsa ta ɗan karkace, amma yana ji yana mayarwa. Ran nan ya tsaya da cokali a hannu yana sauraron Sadisu har aka kai ƙarshen karatun. Ashe a Legas ya sha ganin manya na fita cikin jirgin ruwa da irin wannan sanda, shi yana bakin gaɓa yana kallo, ba wanda ya taɓa cewa ya shigo.

"Mama Yusra," ya ce da ni, don da sunan 'yata suke kirana, "wannan mutum naki ne?"

Na ce mijin ƙanwata ne, direba ne, kuma neman aiki yake.

Ya juya wajen Sadisu. "Ni ina neman direba. Direba na ya ƙi zuwa, ya ce Abuja daji ne. Akwai boskwata a bayan gida na, ɗaki biyu, da wuta da ruwa. Ka kai ni Asabar, in kama kifi da hannu na. In na kama, Litinin ka karɓi makulli."

Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Ɗaki biyu a Garki, a bayan gidan gwamnati, makarantar yara da ƙafa za su je. Na garzaya na gaya wa Zulai. Ranar Juma'a na kira Sadisu gefe na ja masa kunne. Na ce kada ka yi masa gardama, kada ka cika shi da surutu, kuma ka kai shi inda kifi yake, ko da katakon nan duka za su ƙare. Ya ce, "Yaya, ki bar mini wannan, fagena ne." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Wa zai zauna yana gaya wa baligi mai 'ya'ya abin da ake yi da kifi in an kama?

Abin da ya faru a bakin ruwa daga bakin Kure na ji, direban ma'aikata da aka ba Oga aro kafin ya samu nasa, shi ya tuƙa su ranar. Na kuma ji daga bakin Sadisu, kuma labarin bai bambanta ba ko kaɗan, sai dai shi da alfahari yake ba da nasa.

Sun bar gari bayan asuba suka nufi kogin Gurara, wani lungu da Mai Lofe ke zuwa, inda ruwa ke kwanciya a bayan duwatsu. Oga ya sha gajeren wando da hular kaboyi. A but ɗin mota akwai wata ƙatuwar kula cike da ƙanƙara. Matarsa, Madam Rosemary, ita ta sa aka ɗora, domin Oga ya riga ya gayyaci daraktansa da wasu abokai cin farfesun kifi da yamma, kifin da zai kama da hannunsa. Kure ya san da haka. Sadisu ya ga kular, ya ɗauka lemo ne a ciki.

Aka fara karatu. Oga ya wurga na farko ya faɗi a gabansa, na biyu ya kusa cire wa Kure kunne. Sadisu ya gyara masa riƙo, ya nuna masa tsakiyar ruwa, fili fetal, ya ce can. Suka yi ta wurgawa suna naɗewa har rana ta fara ɗagawa, ba abin da ya motsa. Oga ya fara gumi, ya fara duban agogo.

"Kai, ba kai ka ce gefen ciyawa ba?" in ji Oga. "Ga ciyawa can. Me muna yi a nan?"

"Oga, wurin yana da haɗari, akwai saiwoyi a ƙasa."

"Haɗari na wa? Ni ko katako?"

Kafin Sadisu ya haɗa wata maganar, Oga ya juya ya wurga da ƙarfin jahilci. Kifin katako ya tashi ya faɗa dab da wani kututture da ya kwanta cikin ciyawa, wurin da Sadisu ko a mafarki bai taɓa kai kayansa ba. Kure ya ce ya ga Sadisu ya dafe ƙirji kamar ɗansa ne ya faɗa rijiya.

A nan zan yi masa adalci, don ba na son a ce ƙiyayya ce. Karatun nan da ya ishe mu da shi gaskiya ne. Ya matso ya ce Oga ya tsaya cak. Da'irar ruwa ta baje. Ya ce fizga. Ɓul. Tsaya. Fizga. Ɓul. Tsaya. Sai ruwa ya fashe kamar an jefa turmi. Oga ya zabura zai ja, Sadisu ya damƙe masa hannu, ya riƙe shi gam har sai da sandar ta lanƙwashe da kanta, sannan ya ce yanzu. Suka yi ta fama, kifi ya ja su ya ja, Oga ya shiga ruwa har cinya da takalminsa, yana kiran sunan Yesu, Sadisu na gefensa yana cewa sassauta, naɗe, sassauta. Da suka jawo shi bakin gaɓa sai ga giwan ruwa, fari sol yana ƙyalli. Kure ya ce da an tsayar da shi zai kai masa ƙugu.

Oga Nicholas, babban mutum mai furfura, ya yi ta tsalle a cikin laka. Ya rungumi Sadisu, ya ce masa direba na, ya ce Litinin ta yi nisa, gobe ma ya zo. Sannan ya haura gaɓa da gudu yana ƙwala wa Kure kira su sauko da kula, don ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Suna saukowa da ita, Kure na gaba, shi ya fara hangowa. Sadisu ya durƙusa, ya cire ƙugiya a hankali, ya fara duba katakonsa ya ga bai yi komai ba, ya sa a aljihu. Sannan ya tallabi kifin da hannu biyu, ya shiga ruwa, ya riƙa kai shi gaba yana dawo da shi baya kamar mai lallashin jariri. Kifin ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya tafi abinsa. Sadisu ya fito, ya goge hannu a riga, ya miƙa wa Oga don su gaisa.

Oga ya ajiye kula. Ya dubi laka inda kifin ya kwanta, ya dubi ruwa.

"Ina kifi na?"

Kure mutumin kirki ne, ya san halin da Zulai ke ciki, don yana cin tuwo a wurina. Ya yi wuf ya ce, "Oga, ya suɓuce ne. Kifi ɗin yana da ƙarfi, na gan shi, ya buge shi ya gudu."

Ga hanya an share wa Sadisu. Abin da kawai ake so ya yi shi ne ya rufe bakinsa ya sunkuyar da kai. Da Oga ya yi faɗa, ya huce, su sake wurgawa, ko su biya kasuwa su sayi wani a rufa asiri. Amma ina, an taɓa masa sana'a.

"A'a, Kure, kada ka ɓata mini suna. Kifi ba ya suɓuce mini. Oga, ni na sake shi. Haka ake yi. Manya ba sa ɗaukar kifi su kai gida, a kama ne a gani a mayar. Masu kamawa don su ci, ai yunwa ce ke damunsu."

 Oga bai ɗaga murya ba. Ya tambaya sau ɗaya, "Ni ne mai yunwa?" Sadisu ya fara bayanin cewa ba haka yake nufi ba, Mai Lofe ne ya ce, Oga ya ɗaga masa hannu. Ya buɗe kula ya juye ƙanƙarar a ƙasa, ya ce Kure ya tayar da mota. A nan suka bar shi da sandarsa da akwatinsa. Sai bayan la'asar ya iso gari a bayan motar doya.

Washegari na yafa mayafi na tafi gidan, ban ko karya ba. Madam Rosemary ta karɓe ni a kicin, ba ta wulaƙanta ni ba, amma ta nuna mini turmin da ta daka kayan yaji tun safiyar Asabar. Baƙi sun zo, an ba su farfesun tarwaɗar kasuwa, Oga ya ba da labarin giwan ruwansa, darakta ya yi dariya ya ce kowa ma yana da irin wannan kifin da ba a gani. Na durƙusa wa Oga har ƙasa. Na ce wauta ce, ba raini ba ne, mutumin nan tuƙinsa ba na biyu, matarsa na da ciki.

"Mama Yusra, tashi," in ji shi. "Kifi ba komai, zan iya manta kifi. Amma mutum da zai zauna a bayan gida na, yana tuƙa ni kullum, yana gani na kamar mai yunwa? A'a. Ki yi haƙuri."

Ban ga laifinsa ba, ko da yake shi ma da zai rage son a san ya kama kifi, da abin bai kai haka ba. A makon aka ba Kure makullin boskwata. Ya zo har rumfa yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin, na ce ya je ya shiga, rabonsa ne.

Da na samu Sadisu, na wanke shi tas, ban rage komai ba. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce, "Yaya, ke ba za ki gane ba. Mutumin nan ba ɗan wasa ba ne, mai cin kifi ne kawai. Da na zauna da shi ma ba za mu shirya ba." Na dubi Zulai ko za ta ce wani abu. Tana ɗaure tukwane cikin tsohon zani, ba ta ɗago ba.

Suka koma Orozo cikin ruwan sama. A can ta haihu, a hannun wata tsohuwa, don motar da za ta kai ta asibiti ta kafe a laka. Yaran suka yi shekara ba makaranta. Sadisu ya samu bas yana jigila tsakanin Karshi da Nyanya, ya yi shekaru yana yi har idonsa ya fara rauni. Fasinjojinsa duk sun haddace labarin Gurara. A bakinsa ita ce ranar da ta fi kowace girma a rayuwarsa, ranar da ya nuna wa wani babban ma'aikaci yadda ake yi. Bai sake kama wani kifi ba, in ma za a ce shi ya kama wancan. Rafin da ke kusa da su ko kwaɗo sai ya yi haƙuri, amma yana zuwa, yana wurgawa inda ba ciyawa.

Oga Nicholas ya yi ritaya, ya sayi gidan lokacin da gwamnati ta sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, ya bar Kure da iyalinsa a baya har yau. 'Ya'yan Kure a Garki suka yi karatu, ɗaya ma tana aikin jinya.

Da ƙarfin Sadisu ya ja baya, ciyar da gida ya dawo kan Zulai. Masa take soyawa. A Orozo kowa na soya tasa, don haka sai ta shigo gari, ta fito bayan sallar asuba da bokitin ƙullu a ka, ta hau mota biyu. Ta gwada wurare, ana kora, daga ƙarshe inda ta samu aka bar ta shi ne bakin layin gidan Oga Nicholas, jikin katangar baya. Na ce mata duk faɗin Garki ba ki ga wani layi ba sai wannan? Ta ce nan ne akwai masu saye, kuma Prudence, matar Kure, tana barinta ta ɗebi ruwa a famfonsu, ta kuma ajiye tanda da benci kada ta riƙa jigila da su.

Na taɓa raka ta lokacin tashinta wata rana. Ta kwashe wuta, ta wanke tanda, ta ɗauka muka zagaya ta ƙaramar ƙofa zuwa boskwatan su Kure. Ɗaki biyu ne da ɗan baranda, an shuka gwanda a gefe, famfo na ɗiga cikin bokiti. Zulai ta tuɓe takalminta a bakin barandar, ta yi sallama, ta tsaya da tanda a hannu tana jira a ce ta shigo.